Saniya Ruwan Ɗorawa a Ɗakin Taubashina

Sautin na fara ji kafin in ga abin. Ina zaune a shagon 'yata da ke aure a Ƙaraye, shagon buga takardu, ina shan iskar fanka ina jiran rana ta yi sanyi in hau babur in koma gida Zoza, sai wata ƙara ta taso daga bayan labule kamar kwaɗo yana haɗiyar ƙwari cikin gaggawa. Na yi shekara wajen arba'in ban ji ta ba, amma gabana ya faɗi tun kafin in tuna inda na san ta. Na ɗaga labulen. Surukina ne, magidanci da gemunsa, ya duƙa gaban wata tsohuwar kwamfuta yana cije leɓe. Da muka haɗa ido ya zabura, ya durƙusa ya sake yi min gaisuwar da ya riga ya yi da hantsi, sannan ya sulale waje kamar wanda aka aika. Bawan Allah, a tunaninsa ya ji kunya a gaban suruki. Bai san surukin ne ke ta addu'ar ya fita ya ba shi wuri ba.

A fuskar kwamfutar ga ta nan. Baƙar gona mai lunguna, an shuka mata farar tsaba layi-layi, ga wata 'yar dunƙulalliyar aba ruwan ɗorawa, ba ƙafa ba wutsiya sai baki, tana bin layi tana cinyewa, wasu huɗu masu launi daban-daban suna bin ta a guje.

Saniyarmu ce, ni da taubashina.

Shi ɗan gwaggota ne, ƙanwar mahaifina da aka kai aure Falgore, gidan masu shanu. Mu kuwa manoman dawa da gyaɗa ne tun kakanni. Tun muna yawo ba wando ba mu taɓa gaisawa da hankali ba. Shi ya ce min Kaɗo mai warin daddawa, ni in ce masa ɗan Fulani mai kwana da maraƙi. Kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma manya ba su taɓa raba mana gardamar ba, domin ba a raba ta, haka taubasantaka take. Ko a gidan makoki muka haɗu sai ya taka min ƙafa. Wanda ya daina zolayar taubashinsa, to ko dai fushi yake yi da shi, ko ya mai da shi bare. Wannan kowa ya sani a ƙasarmu, ni ma na sani, ku riƙe min shi.

Muna samari muka tafi birni cin rani, muna dako a kasuwa. Kusa da wani gidan silima akwai shago mai akwatuna a tsaye kamar kabad, kowanne da gilashi a gaba da 'yar gajerar sanda mai ƙwallo a ka. Ka jefa tsabar kuɗi ta wata 'yar kafa, akwati ya yi kiɗa, sai ka kama sanda. Akwai na jirgi mai harbin ƙwari, akwai na mota, amma mu wannan na gonar muka riƙe, saboda taubashina daga kallo ɗaya ya fassara shi. Ya ce, “Kaɗo, ba ka gani ba? Saniyarmu ce ta shiga gonarku. Waɗancan huɗun iyayenka ne da kawunnanka suke bin ta da sanda.” A kusurwoyin gonar akwai manyan tsabobi, in saniya ta haɗiyi ɗaya, sai masu korar su yi shuɗi su juya da gudu, ita ta koma bin su. Wannan kuma ya ce an je gaban mai unguwa ne, mai shanu ya ci shari'a.

Bi da bi ake yi. In an kama saniyarka sai ɗan'uwanka ya karɓi sanda, akwati yana rubuta makin kowa a sama. Shi wasansa irin na mahaukata ne, har tsakiyar manoman yake kutsawa yana ihu. Ni kuwa mutum ne mai lissafi. Ina bin gefe-gefe, in laɓe kusa da babbar tsaba, ba na motsi sai sun zo dab. Shi yana kiran wannan tsoro, ni ina kiransa hikima. Kuma duk ranar da ya ci ni, ban taɓa yarda ya ci ni ba. Ko dai sandar ta yi tauri, ko wani ya bangaje ni, ko gumi ya shiga idona.

“Baba, lafiya ka tsaya a nan?” in ji 'yata daga bayana.

Na ce, “Ke, wa ya cusa wancan ƙaton akwatin cikin wannan farantin?”

Ta yi dariya ta ce, “Ba akwatin ba ne, Baba. Kwamfutar ce take kwaikwayonsa. Akwai abin da ake zuba mata, sai ta riƙa yi kamar ita ce tsohon injin. Shi wasan bai ma san an sauya masa gida ba.”

“Wato an yaudare shi.”

“Kusan haka.”

“To ta ina ake jefa kwabo?”

Ta danna wani maɓalli, sai na ji ƙaras, ƙarar tsabar kuɗi ta faɗa cikin akwatin da babu shi. Ta sake dannawa, ƙaras. Ni boko rabinsa na yi, daga tsakiyar firamare mahaifina ya ce gyaɗa ta fi malam buƙatata, amma na san abin da ya kamata a kai gaban malamai in na gan shi. Na ce wannan sai an tambaya. Ban dai tambaya ba har yau, don kada su ba da amsa.

Ta nuna min maɓallai huɗu masu zanen kibiya, su ne a madadin sanda. Da ta ga la'asar ta wuce ban ɗago kai ba, sai ta ce, “Baba, ka tafi da ita mana. Ba ma aiki da ita, batirinta ya mutu. Sai an jona ta a wuta take tashi.” Na ƙi karɓa daidai gwargwadon yadda mutunci ya tanada, ina tsoron kar ta yarda. Ba ta yarda ba, Allah ya yi mata albarka. Na naɗe kwamfuta a tsohon bargo, na zura ta a buhun taki, na ɗaure a bayan babur.

Sai da na isa gida na tuna unguwarmu ba wuta. Akwai mai cajin waya a bakin kasuwa, amma ku duba min: dattijo kamata, wanda ake kira wajen ɗaurin aure da raba gardamar iyakar gona, a gan shi a rumfar caji yana kiwon saniyar ƙarya? Kwamfuta ta yi kwanaki a ƙarƙashin gado, ni kuma ina kwance a sama ina tunanin gidajen da na sani masu sola. Ban daɗe ina tunani ba. Gida ɗaya ne zan iya shiga har ɗaki in wuni ba mai tambayata dalili.

Tun damina ciwo ya kayar da taubashina. Ya dawo daga duba shanu, ya sunkuya zai yi alwala, sai ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma guntu-guntu, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Babban ɗansa mai fataucin shanu ya sa masa sola a rufin ɗaki, saboda fanka da ɗan firij na magani. Farkon ciwon na yi ta zuwa. Sai dai duk zuwan da na yi, in na shiga na ga mutumin da ya taɓa ɗaga ni sama a kasuwar Rogo ya dire ni cikin buhunan barkono, yanzu ana goge masa miyau da tsumma, sai bakina ya mutu. In durƙusa in ce, “Sannu. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.” In sake cewa sannu, in shafa fatiha in tashi. Irin dubiyar da ake yi wa surukin maƙwabci. Daga baya ma tafiyar ta fara yi min nauyi, na riƙa aika gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa.

To ga shi yanzu ƙafata ta yi sauƙi. Na ɗaura buhun taki a babur da hantsi, na kama hanyar Falgore, ina gaya wa kaina zumunci ne. Babur ɗin ma bai yarda ba, sai da ya mutu a hanya.

Matarsa ce ta tare ni a tsakar gida. Ita ma ba ta raga min, tun tana amarya nake ce mata matarmu, tana ce min mijin wahala.

“A'a! Yau wace rana? Mijin wahala, ashe ka san hanya?”

“Matarmu, ayyuka ne suka yi yawa.”

“Da rani? Me ka shuka?” Ta dubi buhun. “Wannan kuma tsarabar ce?”

Na ce wani ɗan aiki ne na 'yata, zan jona shi a wuta in ba damuwa. Ta ce wace damuwa, wutar Allah ce daga rana.

Yana kwance a gado ya fuskanci ƙofa. Na yi masa sannu irin tawa ta da, ya dube ni da ido ɗaya mai rai ɗaya mai barci. Na zauna a tabarma a gindin gadon, na ba shi rabin baya, na jona waya, na rage sauti har ƙasa. Ƙaras. Saniya ta shiga gona.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba tun ina da haƙora cikakku. Yatsuna sun yi tsatsa, amma lungunan suna nan a kaina, ko ɗaya bai ɓace ba. Har warin shagon nan ya dawo min, warin gumi da soyayyar doya da hayaƙin janareta. Da na ɗago kai an kira azahar. Washegari na dawo, jibi ma haka. In na zo in yi sannu, in juya baya, in yi kiwo har la'asar, in sake sannu in tafi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne lada da aka fara rubuta min tun a duniya. Matarsa ta daina ce min mijin wahala, ta koma ce min Malam. Kullum sai ta dama fura da kindirmo mai sanyi daga firij ɗin maganin, ta ajiye a gefena ta ce, “Allah ya bar zumunci. 'Yan'uwansa na ciki ɗaya ma sai ranar kasuwa.” In ce amin, in sha, furar ta tsaya min a ƙirji, in ƙara ludayi don ta wuce. Tsofaffin unguwa suka fara tashi tsaye in na wuce. Wata rana bayan sallar la'asar limamin unguwar yana karatu a kan haƙƙin mara lafiya, sai ya ce ba sai an je nesa neman misali ba, ga wani bawan Allah nan yana tasowa daga Zoza kullum cikin wannan zafin, ya wuni a gindin gadon ɗan'uwansa. Aka juyo ana kallona. Na sunkuyar da kai, suka ce tawali'u ne. Buhun taki yana jingine a bayana.

Na yi niyyar bari, Allah shi ne shaida. Har na yi niyyar zuwa rana ɗaya ba buhu, don in gwada kaina. Na fito, na tayar da babur, sai na ga ai ba kyau a bar kayan wuta a gida ga zafi.

Wata hantsi ina tsakiyar kiwo, manoma sun matso, ni kuma na laɓe kusa da babbar tsaba ina jiran su, sai na ji ƙwas a kafaɗata. Sandarsa ce ta kiwo, wadda ba ya yarda a raba shi da ita ko a gado. Na juya. Ya ɗago kai daga matashi, idonsa ba a kaina yake ba, a kan gonar yake. Ashe duk kwanakin nan yana leƙe ta saman kafaɗata. Ya nuna kwamfutar da sanda, ya nuna cinyarsa.

Na kira matarsa muka tayar da shi zaune, muka tokare shi da matasai. Na ɗora kwamfuta a kan faifai bisa cinyarsa. Abin da ya taimaka, wasan hannu ɗaya yake so. Na ɗauki hannunsa na hagu na ɗora a kan kibiyoyin, na ƙara sauti, ƙaras, ƙaras, na mutum biyu.

Bai yi nisa ba. Hagu ba hannunsa ba ne, yatsun suna rawa, in ya so sama sai saniya ta yi ƙasa. Ta ci tsaba kaɗan, ta maƙale a lungu, jan manomin nan ya zo ya same ta a tsaye. Mutumin da a da samarin birni ke taruwa a bayansa suna kallo. Na dubi makinsa, na dubi gumin da ya keto masa a goshi.

Da na karɓa, sai na yi abin da na ga ya dace da mutumin da liman ya yaba. Na ci tsaba biyu-uku, na juya saniya na miƙa ta kai tsaye cikin manoma. Suka kama ta. Na tafa hannu na ce, “Kai! Ka ci ni. Wallahi hannunka yana nan.”

Ya dubi makin, ya dube ni. Muka sake, na sake miƙa ta, na sake yaba masa. Na tafi gida ranar zuciyata fes, ina ganin na fara biyan furar da na sha. Haka na yi kwana da kwanaki, har na ƙware wajen mutuwa. Wani lokaci in yi kamar yatsana ya zame, wani lokaci in yi kamar ban ga shuɗin ya washe ba. Kullum in rufe da, “Sannu, ka ci ni.”

Rana ta ƙarshe, ina cikin cewa ka ci ni, ya sa hannun hagun ya ture faifan. Da ban tare ba da kwamfuta ta sha ƙasa. Ya zame ya kwanta, ya juya fuska bango. Na ce gajiya ce. Na yi masa sannu, na naɗe kayana.

Washegari a zaure matarsa ta tare ni, ba fara'a.

“Malam, yau ka yi haƙuri.”

“Jikin ne?”

“Jiki da sauƙi. Tun jiya dai bai ci komai ba. Ko kunu ya ƙi. Ɗan motsa hannun da likita ya ce a riƙa yi masa ma ya hana a taɓa shi.” Ta gyara mayafi. “Da na ji ƙarar babur ɗinka na ce masa ga ɗan'uwanka nan. Ya yi ta fama da bakinsa, sai da ya fitar da ita.”

“Me ya ce?”

“Cewa ya yi, ba ya son baƙo.”

Na ce, “Baƙo? Ni?”

“Ni ma abin da na ce ke nan. Me ka yi masa?”

“Ni ban yi masa komai ba. Sannu kawai nake yi masa.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, “To.” Ta juya ciki.

A hanyar komawa na tsayar da babur a gindin wata tsamiya na zauna. A duniya an kira ni sunaye da yawa, kuma mafi munin cikinsu daga bakin wannan mutumin suka fito. Ya kira ni bawa, ya kira ni jakin gyaɗa, ya taɓa gabatar da ni ga surukansa a matsayin wanda ya saya da ɗan akuya. Ba wanda ya taɓa yi min zafi. Amma baƙo? Sai na fara lissafa abin da na faɗa masa tun ranar da ya faɗi. Sannu. Ya jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Ko sau ɗaya ban ce masa ɗan Fulani ba. Gidan duka lallaɓa shi ake yi, ana magana ƙasa-ƙasa a kansa kamar ana jiran a kira masu wanka, kuma su haƙƙinsu ne, mata ce da 'ya'ya. Mutum ɗaya Allah ya ajiye masa a duniya wanda aikinsa shi ne ya raina shi ko yana kan gargara, shi kuma ya zo ya durƙusa yana sannu. Sannan wannan mutumin, da bai taɓa tunkarar manomi ɗaya ba tun yana saurayi, ya riƙa miƙa saniya cikin huɗu yana tafi. Ina tsammanin wa nake yaudara? Wasan ne kawai bai san an sauya masa gida ba, shi ya sani.

Na yi kwana biyu a gida. Kwamfuta a ƙarƙashin gado, ni a sama, ina ƙoƙarin gane wanne nake kewa a cikinsu, ita ko shi. Na so a ce amsar ta fito fes. Ba ta fito ba. Sai labari ya zo ta bakin mai kai nono kasuwa cewa har yanzu ruwa kawai yake karɓa.

Na ɗaura buhu na tafi. Ban tsaya a zaure ba, taubashi ba ya neman iso. Na yi sallama na ɗaga labule, sai na tarar da liman da wasu dattawa biyu sun zo dubiya, suna zaune a tabarmata suna magana ƙasa-ƙasa. Liman ya washe baki ya ce, “Ga shi nan, ɗan halak.” Na dubi gado, ya rame, fuska na bango. Na ce a raina, in mutunci ne, na ci rabona.

Na ɗaga murya na ce, “Ina malalacin bawan nan? Kai ɗan Fulani! An ce ka daina cin abinci. Madalla, hatsinmu ya huta. Dama tun da aka haife ka ba ka taɓa noma ko zangarniya ɗaya ba, sai ci. Tashi ka gaishe da ubangidanka!”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Subhanallahi.” Ɗayan dattijon, wanda ya san mu tun muna yara, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Kan gado ba motsi. Sannan a hankali sandar ta fara jan jiki.

Ban jira ba. Na zazzage buhu a gaban liman, na jona waya, na ƙure sauti. Na ɗago shi zaune ba lallaɓawa, na dire masa faifai a cinya. Ƙaras, ƙaras. Ya yi nasa, aka kama shi a lungu na biyu. Na ce, “Ka gani? Ko saniyar ƙarya ba ka iya kiwo ba. Kawo nan.”

Na zauna na yi masa wasan da ban taɓa yi ba ko a birni. Na bi gefe-gefe, na laɓe, na jira su, na haɗiyi babbar tsaba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na share gonar tas aka shuka sabuwa, na share ta ita ma. Ina yi ina ba shi labari: “Wannan gonar kawunka ce. Wannan ta surukinka ce.” Amma ina sane da abin da nake yi: ƙato mai hannu biyu yana lallasa mai hannu ɗaya da ya kwana uku bai ci ba, a gaban malamin unguwa. Da aka kama ni daga ƙarshe na nuna masa maki da yatsa na ce, “Karanta, in an koya muku ƙirga abin da ba shanu ba.”

Bakinsa ya fara motsi. Ya ja, ya ja, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Ka... Kaɗo.”

Na ce, “Na'am, bawana.”

“Ma... tsoraci.”

Ya nuna kusurwar da nake laɓewa da sanda, ya kwaikwayi yadda nake maƙale kafaɗa, sai wata ƙara ta fito daga gefen bakinsa mai rai. Na ɗauka tari ne, har na miƙa hannu. Dariya ce. Sannan ya bi wayar da kan sandar tun daga kwamfuta har bango, ya buga ƙirjinsa ya ce, “Wu... ta. Tawa.” Ya nuna ni: “Ɓa... rawo.”

Liman ya dubi waya, ya dubi buhun taki, ya dube ni. Malami ne, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya shafa fatiha ya ce su za su wuce. Tun daga ranar bai ƙara ba da misali da ni ba, kuma na fi samun natsuwa a sahu.

Matarsa tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta ce, “Mijin wahala, matsa ka ba ni wuri.” Ta zo za ta ajiye furar a gefena yadda ta saba, sai ya tare ƙwaryar da sanda ya jawo ta gabansa. Ni ranar ko ludayi ban samu ba.

Ya kafa doka kwamfuta ba za ta ƙara kwana a Zoza ba, tunda wutarsa take ci. Na san dalili. Matarsa ta tsegunta min cewa da na fita yake sa a ɗora masa faifai, ya yi ta fama shi kaɗai har rana ta faɗi. Ni kuma ina zuwa kullum in cinye shi, in zage shi, in tafi. Kada wani ya ɗauka abin yana da daɗi. In na ga yatsun nan suna lalube, zuciyata takan ce ɗan sassauta, ba zai gane ba. Sai in tuna bangon da ya juya wa fuska, in ƙara ƙaimi. A hanya in yi ta istigfari, ban san na wanne ba: na cin da nake yi masa yanzu, ko na watannin da na bar shi da sannu.

Ana gab da saukar damina abin ya faru. Shi ya fara, sai na ga saniya ta kutsa tsakiyar manoma irin na da, ta zille, ta zagayo ta bayansu. Na shagala da kallon hannunsa, hannun hagun nan yana tafiya a kan kibiyoyi ba rawa. Da na karɓa hankalina bai dawo ba, na laɓe a kusurwar da na riga na cinye tsabarta, suka zo suka same ni ina jiran abin da babu. Muka sake zagaye, muka sake. Da wasa ya ƙare na duba sama, makinsa ya fi nawa.

Bai yi murna ba. Ya juyo ya kafe ni da idon nan mai rai, ya ɗaga sanda a hankali. Yana tambaya ne.

Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci da gaske. Na ce, “Wane ci? Kibiyar hagun nan ta yi tauri, ka cika ta da maiƙon man shanu! Ga fankar nan tana hura min ido. Kuma matarka da gangan ta wuce da ƙwarya lokacin da nake shan kwana. Wannan ba ci ba ne, a sake!”

Ya sauke sandar. Ya jingina da matashi, ya lumshe ido kamar wanda aka yi wa bushara. Sannan ya miƙo ƙafarsa mai lafiya, ya nuna takalminsa da ke bakin ƙofa, ya ce, tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe, “Bawa. Ɗauko.”

Na ɗauko. Amma sai da na taka masa ƙafa wajen sa masa.